Kafin ka zargi batirin babur ɗinka, duba cajar da ka maƙala masa

Wata ranar Asabar na tsaya wajen wani mai gyaran wayoyin babur a Court Road, Gyaɗi-Gyaɗi. Sai ga wani matashi ya turo babur yana gumi, ya ce batir ya sake mutuwa, kuma wannan ne na biyu da ya saya a bana. Da aka ɗaga sit sai muka ga cajar USB an ɗaure ta kai tsaye a kan batir, ga fitilun ado masu launi, a gurbin fiyus kuma an cusa takardar sigari mai ƙyalli. Aka yi wa batirin caji, aka auna, lafiyarsa ƙalau.

Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, yawancin baburan da ke kan titi masu su ne ke hawa: ɗalibai, ma'aikata, masu kai kayan da aka saya ta waya. Kowa yana son wayarsa ta sha caji a hanya, kuma cajar babur na nan birjik a kasuwar waya ta Farm Centre. Ba na adawa da cajar. Yadda ake haɗa ta ne matsalar, domin mun fi kula da gilashin wayarmu fiye da wutar da muke ɗura mata.

Batirin babur bolt 12 ne, waya kuwa bolt 5 take sha, cajar ce ke rage wutar. Idan aka ɗaura ta kai tsaye a kan batir, tana ɗan jan wuta ko babur na kashe, ƙaramin batiri kuwa ba ya jure haka kwana da kwanaki. Daidai shi ne a haɗa ta ta bayan makulli, a sa mata nata ƙaramin fiyus na amp 2 ko 3.

Fiyus idan ya ƙone, aikinsa ya yi. Yana gaya maka cewa wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Za ka ce sauri kake yi, takardar sigari za ta kai ka gida. Za ta kai ka, amma daga nan wayar ce za ta yi zafi a madadin fiyus, kuma wayoyin babur ta ƙarƙashin tankin mai suke bi.

Gano inda wayar ta taɓa ba wuya. Cire fiyus ɗin da ya ƙone, ka haɗa ƙwan fitila mai bolt 12 a gurbinsa, ka buɗe makulli da dukkan fitilu a kashe. In ƙwan ya haska sosai, akwai taɓi. Riƙa cire soket ɗaya bayan ɗaya, ka fara da abin da aka ƙara daga baya. Inda hasken ya dushe, nan matsalar take. Ka kuma juya kan babur hagu da dama, domin a wuyan babur wayoyi suka fi gogewa.

Ɗaya matsalar ita ce at, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin ƙarfen babur. Ruwan Agusta da ƙurar hunturu suna sa tsatsa a kusoshin da ke riƙe ta. Alamarta: ka danna hon fitila ta dushe, ko ka kunna sigina fitilar baya ta riƙa ƙiftawa tare da ita. Kwance kusar, goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tam. Duk lokacin da za ka kwance batir, fara cire kan mai alamar ragi.

Shawarata, ka sayi ƙaramar mitar auna wuta. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan babur na kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji na aiki da ɗan totur. In ya haura 15, rektifaya ta lalace, kuma za ta iya ƙona ƙwai da caja, har ta shafi wayar da ke jone.

Wannan ba zai raba ka da mai gyara ba, amma za ka je masa da lamba a hannu, ka kuma iya cewa kada ya sa maka waya a gurbin fiyus. Matashin nan na Court Road fiyus ɗaya da baƙin salatif ya saya. Mai gyaran ya miƙa masa takardar sigarin ya ce: "Ɗan'uwa, ajiye wannan, ita ta ci maka kuɗin batir biyu."