Ayyukan ƙasa: tsohuwar gadar Yamai

An buɗe gadar Kennedy a Yamai a 1970, da taimakon Amurka. Tsawonta mitir 710. Kafin ita, sai jirgin fito da kwalekwale.

Shekara 40 ita kaɗai ce a birnin. Manyan motoci, amalanke, raƙuma masu itace, dabbobin Torodi da Say, duk ta kanta suke bi. In mota ɗaya ta mutu a tsakiya, mai kayan lambu ya yi ta jira a Harobanda, rana tana dukan tumatirinsa.

Gada tana tsufa kamar rumbu. Siminti ya tsage, ruwa ya shiga, ƙarfen ciki ya yi tsatsa. Amma mai rumbu ɗaya ba ya rushe shi da hatsi a ciki. Shi ya sa masu shirin sake gada suke fara ƙidaya motocin da ke wucewa, su auna ruwa lokacin cikar kogi, su nemi inda jama'a za su bi har a gama aiki.

Yanzu Yamai ta samu wurin bi: gada ta biyu, aikin ƙasar Sin, a 2011, da gadar Seyni Kunce a 2021.