Ba bindigar ce ta burge ni ba

1/ Jiya a hostel na kalli gasar harbi da ƙaramar bindiga ta IPSC, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 1976. Mutane sun zo daga ƙasashe daban-daban, ana harbi, ana tafawa.

2/ Wallahi tafiyar da zumuncin ne suka burge ni. Mu ma a Ruwan Godiya da rani mafarauta kan fita ayari guda da karnuka, su kwana daji.

3/ Yanzu dajin na 'yan bindiga ne. Kun tuna ɗaliban Ƙanƙara, Disamban 2020. Ko Funtua za ka, sai da addu'a.

4/ Kar a ƙirga min bindigogin da aka ƙwace a ce tsaro ya dawo. Ranar da abokai suka kwana daji suka dawo da zomo, zan yarda.