Dokar Sa'o'in Aiki Ta Tsaya a Ƙofar Doka

A shekarar 1847 majalisar dokokin Ingila ta taƙaita aikin mata da matasa a masaƙun ƙasar zuwa sa'a goma a rana. A 1902 kuwa, shekarar da Zazzau ta faɗa hannun Turawa, attajiran masaƙun suka kafa ƙungiyar BCGA domin samo wa injinansu auduga daga ƙasashen da suka mallaka. Zariya ta samu injin gurzar auduga a bayan ganuwa, kusa da layin dogo. Audugarmu ta riƙa tafiya Ingila, amma irin kulawar da leburorin can suka samu ta yi nawa wajen isowa, domin Nijeriya ba ta samu dokar masana'antu ba sai a 1955, saura shekara biyar a ba mu mulkin kai.

Abin takaicin shi ne, Dokar Ƙwadago ta 1974 da muke aiki da ita ta gaji idon Bature, wanda bai san ma'aikaci ba sai na bakin inji. Ta hana a sa mata aikin dare a masana'anta. Ta ce yaron da bai cika shekara 16 ba kada ya wuce sa'a huɗu a jere, ko takwas a wuni. Madalla. Sai kuma ta cire masu aikatau a gidaje daga wannan kariya.

To, ina masana'antun suke? Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe tun 2002. Aikin mata da yara a cikin Birnin Zariya yana zaure da tsakar gida: matar da ke duƙe kan aikin babbar riga har ganinta ya raunana, ɗan koyon ɗinki da ke kwana kan keke a goman ƙarshe na azumi, yarinyar da aka kawo daga ƙauye ta fara wanke-wanke da asuba ta kwanta bayan kowa. Babu jami'in ƙwadagon da ke ƙirga musu sa'a, kuma da yawa daga cikinmu masu karanta wannan shafi, a gidajenmu yarinyar take.

Harkar ƙwadago a hannun Gwamnatin Tarayya take, don haka muna kira ga wakilanmu a Majalisar Ƙasa da su nemi a soke wannan togaciya ta aikatau. Kafin nan, Masarautar Zazzau na iya zama da masu unguwanni da shugabannin teloli a tsayar da lokacin tashin yara daga aiki, tun kafin azumi mai zuwa.