Kada Maganin Ya Tsaya A Ƙofar Gidan Yari

Yau zancenmu a kan 'yan'uwanmu da ke gidan yari ne, wanda tun dokar 2019 ake kira gidan gyaran hali. A nan Katsina, mu mata mu ne kan gaba wajen kai wa miji ko ɗa ko ƙane abinci da sabulu. To, amma mu nawa ne ke tambayar maganinsa?

Binciken da aka yi a gidajen yarin Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 2.8 cikin ɗari na fursunoni suna ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, ninki biyu ke nan na sauran jama'a. A ɓangaren mata kuwa abin ya kai kusan kashi 7.

Maganin wannan cuta kullum ake shansa, ba fashi. Wanda ke sha yadda likita ya ce yakan rayu lafiya lau, ƙwayar ta kwanta har ba zai sa wa matarsa ba. Amma in an tsare mutum, kunya ta hana shi faɗa wa ma'aikacin lafiya, sai shan maganin ya yanke. Daga nan ƙwayar ta farfaɗo, tarin fuka ya samu ƙofa, ga kuma cunkoso. Ranar da aka sake shi, ina zai nufa? Ɗakinki.

Saboda haka, uwargida, idan kin san naki yana shan magani, kai katinsa na asibiti ga ma'aikacin lafiyar gidan tun ranar farko. Haƙƙinsa ne. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2015, sun ce a kula da lafiyar fursuna kamar ta kowa, kada kuma maganinsa ya yanke. Ki ja masa kunne kada ya yi tarayyar reza ko allura da kowa. In ya fito, ku je Babban Asibitin Katsina tare a gwada ku. Gwajin ba zargi ba ne.

Ku kuma 'yan makaranta, ku sani ba a ɗaukar cutar nan ta gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya. Kada ku guji ƙawarku don an tsare mahaifinta.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.