Baƙo Ya Sauka, Mai Unguwa Ya Sani

'Yan'uwa, a shekarar 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina. Madalla. Amma kome yawan jami'anta, ba su san wanda ya kwana a zaurenka ba.

A da, a Ƙofa da Kusada da Kankiya, in baƙo ya sauka, maigida yakan kai shi gaban mai unguwa. Wannan al'ada tana tona 'yan leƙen asirin ɓarayin shanu, tana kuma kare baƙon kirki daga zargi da dukan kawo wuƙa. Yau mun yi sakaci da ita.

Mu farfaɗo da ita. Maƙwabcinka kuwa, Musulmi ko Kirista, ka gaishe shi da rana, gama shi zai amsa kururuwarka da dare.