Saƙar Gida Da Masu Ciwon Daji

Kamar yadda aka sani, Gaya tsohon gari ne na masu sana'ar hannu, har tarihi ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama gindin Dala daga can suka fito. Amma akwai wata sana'a ta cikin gida wadda take neman ɓacewa a ƙasar Gaya da Ajingi ba tare da kowa ya kula ba, watau saƙar zare da kwarashi. A da uwa ke koya wa 'yarta, kaka ta koya wa jika, a saƙa hular jariri da safa kafin hunturu ya shigo. Shirin Better Life na 1987 ya ƙara yaɗa ta a cibiyoyin mata. Yau gwanjo ya karya kasuwarta, 'yan mata kuwa sun ɗauke ta aikin tsofaffi.

Alhali kuwa akwai masu bukatarta ƙwarai. Sankarar mama ita ce ciwon dajin da ya fi kama mata a Nijeriya. A 2020 kaɗai an ƙiyasta sababbin masu ita fiye da 28,000. Wadda aka ɗura wa maganin daji a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sau da yawa gashinta kan zube, fatar kanta ta yi laushi, sanyi ya dame ta. Wadda aka cire wa mama kuma takan cusa tsumma cikin riga domin kunyar shiga biki, saboda na roba yana da tsada, ga nauyi, ga zafi a bazara. A Amurka wata ƙungiya mai suna Knitted Knockers tana saƙa irin wannan da zaren auduga tana rabawa kyauta. Auduga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano.

Wani zai ce saƙa ba ta warkar da ciwo. Gaskiya ne, kuma ba za ta maye gurbin zuwa asibiti da wuri ba. Amma macen da ta daina fita don kunya, ita ce kan daina komawa ganin likita.

Saboda haka ya wajaba Ƙananan Hukumomin Gaya da Ajingi su nemo tsofaffin da suka iya, su ba su zare mai laushi da ɗalibai, sa'an nan su sayi abin da aka saƙa su miƙa wa asibiti. A biya masaƙan haƙƙinsu. Kada a ce su yi don lada kawai, domin yarinya ba za ta zauna koyon abin da ba ya kawo kuɗin sabulu ba.