Ku daina wanke mana fuska da sunan editin

1/ Zan yi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Masu editin hoto na yankinmu, daga Kiyako har Birnin Kudu da Gwaram, abin da yawancinku ke yi wa fuskar mutane ba gyara ba ne. Bilicin ne, mai kawai ba ku shafa ba. Ku biyo ni. 🧵

2/ Kakata ta rasu bara. Da muka tashi neman hotonta, ɗaya tak muka samu na kirki: ranar Babbar Sallah, tana zaune kan tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ɗan baffana ne ya ɗauka, ya tura wa wani "gwani" ya gyara, sannan ya goge na asalin wai waya ta cika.

3/ Wallahi matar da ke hoton nan ba Inna ba ce. Inna baƙa ce mai sheƙi, da tsagar gado a kumatu, ga wushirya. An dawo mana da wata fara sol, fuska sumul kamar roba, tsagar ta ɓace, an cike wushiryar. Baba ya kalla, ya miƙo min wayar, bai ce uffan ba.

4/ Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da aka rubuta lokacin da aka ɗora shi. "Masha Allah." "Oga ka iya." "Kamar Balarabiya 🔥". Mutum ɗaya bai ce, kai malam, ina tsagarta? Har da ni. Na danna zuciya na wuce.

5/ Bari in faɗa muku inda matsalar take farawa, don ba a editin ba ne. Ƙarfe sha biyu na rana kuke tsayar da mutum a fili. Rana na tsakiyar kai, inuwa ta cika kwarmin ido da ƙasan hanci. Ga farar shadda, ga sama mai haske a baya. Kyamara ta auna hasken da farin, sai fuska ta nutse.

6/ Kun dawo gida kun ga fuska ta yi duhu, sai ku ja haske gaba ɗaya har ƙarshe. Shaddar ta ƙone, aikin da aka biya kuɗi aka yi a wuyanta ya ɓace, fatar ta koma kalar toka. Don ɓoye ɓarnar sai a kira af mai AI. Shi kuma ba dawo da abin da ya ɓace yake yi ba, ƙirƙiro wata fuskar yake daga dubban fuskokin da aka koya masa.

7/ Kuma wannan rigimar ta girme mu. A shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya fara raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake saita kala. Wato farar fata ce ma'auni. Sai da masu cakulan da masu kujerun katako suka yi ƙorafi cewa ruwan ƙasa ba ya fita daidai.

8/ Yanzu fa? Tecno ta ci kasuwar Afirka, kuma cikin dalilan har da saita kyamararta don baƙar fata. Google ya fito da Real Tone a Pixel 6 a 2021. Masu ƙera waya suna kashe kuɗi don launinmu ya fito yadda yake, mu kuma muna zaune a shago muna goge shi da yatsa. Abin kunya.

9/ Je ku nemi hotunan Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako. Keïta a tsakar gidansa yake ɗaukar mutane, da hasken rana da zane a rataye a baya. Sidibé ya karɓi Zakin Zinare a Venice a 2007. Ku duba yadda baƙar fata ke walƙiya a wurinsu.

10/ Na san amsarku: "kwastoma ne ke so." To, wani lokacin gaskiya ne. Amma ka taɓa nuna masa ɗayan? Bai taɓa ganin kansa a hoto mai kyau da kalarsa ba. Duhun da ka ɗauka da farin da ka wanke kawai ya sani, dole ya zaɓi farin. Kuma tsohuwa ta ce maka a cire mata tsaga? Haba.

11/ Ni ma ba gwani ba ne. Da Ƙaramar Sallah na ɗauki ƙanwata a gindin mangwaro, na gyara, ina ta jin kaina. Na jefa a wani gurup na masu hoto. Wuta-wuta ta fara zubowa, sai wani dattijo da ya yi zamanin fim ya turo murya.

12/ Ya ce: "Yaro, abu uku. Falwayar nan ta tsiro mata a ka. Ganyen ya zuba mata kore a fuska. Mayafin ya ƙone, ba a ganin saƙarsa." Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Na kwana ina cewa wa ya tambaye shi. Da safe na buɗe hoton, duk ukun suna nan, ɓaro-ɓaro.

13/ Na koma na asalin a Snapseed. Na rage hasken farin har saƙar mayafi ta dawo. Na ɗaga inuwa kaɗan, a fuska kaɗai, ba duk hoton ba. Na ƙara ɗumin kala har koren ya mutu. Ƙurji ɗaya na cire, don ƙurji baƙo ne, gobe zai tafi. Falwaya kuwa ta ƙi, sai da muka sake ɗauka bayan la'asar, ƙanena na riƙe da farin ɗankwali yana maido mata haske.

14/ Da ta gani cewa ta yi, "Yaya, ashe haka nake?" Ba a ƙara mata fari ko na sisi ba.

15/ Don haka in abokinka ya ɗora hoto ya ce a duba masa, ka duba. Faɗi abu ɗaya da ya yi daidai, faɗi wanda ya karkace, ka nuna wurin. "Ya yi" ba gyara ba ne, "shirme" ma ba gyara ba ne. Kai kuma mai ɗorawa, haɗo da na asalin mu ga me ka taɓa. Kuma don Allah kar a goge na asali.

16/ Roƙo na ƙarshe, ga 'yan uwa da duk wanda ya taɓa zuwa biki ko suna gidanmu a Kiyako: ku duba tsofaffin wayoyinku da memori. In akwai Inna a ciki, ko a gefe take, ko hoton ya yi duhu, ku turo min ta dokumen, kar WhatsApp ya matse shi. Kar kowa ya gyara komai.